Girman kifi da mutuwarsa a tafkin Nokuwe

A kudancin ƙasar Benin, dab da birnin Kwatano, akwai wani babban tafki da ake kira Nokuwe. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 150 a lokacin rani. Kogin Weme da kogin So suna zuba masa ruwan daɗi. A shekarar 1885 aka haƙa wata mashiga da ta haɗa shi da teku. Saboda haka ruwansa iri biyu ne: idan koguna suka kawo, sai gishiri ya ragu, da rani kuwa sai ruwan teku ya shigo.

Karfasa mai baƙin haɓa

Kifin da masunta suka fi dogara da shi a wannan tafki shi ne wata karfasa mai baƙin haɓa. Tana jure ruwan daɗi, tana jure na gishiri. Idan macen ta zuba ƙwai, namijin ne ke kwashe su a bakinsa, ya riƙe su kimanin mako 2 har ƴaƴa su fito. Wanda ya kama namiji a wannan lokaci, ya kama shi ne tare da zuriyarsa.

Yaya kifi yake girma?

Kifi yana girma da sauri tun yana ƙarami. Da ya fara haihuwa sai girman ya ragu, domin ƙarfinsa ya koma ga yin ƙwai. Don gane wannan, masana sukan je bakin ruwa kowane wata, su auna tsawon kifayen da masunta suka kamo. Daga awon ne suke lissafa saurin girma da yawan mutuwa.

Mutuwa iri biyu ce

Ta farko ita ce wadda ba hannun mutum: tsuntsaye da manyan kifaye su cinye, ko cuta ta kama, ko ruwa ya ɓaci idan kainuwa ta ruɓe a ciki. Ta biyu ita ce ta hanyar su.

Ga yadda ake lissafi. A ce kifi 100 sun mutu cikin shekara. Idan waɗanda masunta suka kama ba su wuce 50 ba, to da sauƙi. Idan sun wuce 50, masana sukan ce kamun ya yi yawa. Alamarsa a fili take: kifin da ake samu yana ta ƙanƙancewa, masunci kuma yana daɗewa a ruwa kafin ya cika kwando.

Dabarar akaja

Masuntan Nokuwe sukan kafa rassan itace a cikin laka, abin da suke kira akaja. Kifi yana samun abinci da maɓoya a ciki, sai ya girma. Amma idan akaja ta yi yawa, rassan sukan ruɓe su cike tafki, daji kuma ya ƙare.

Abin lura

Wannan lissafi bai tsaya ga Nokuwe ba. Haka yake a tafkin Madarumfa da na Tabalak. Raga mai ƙananan idanu tana kwashe kifin da bai taɓa haihuwa ba. A yi aiki da mai manyan idanu, a kuma bar wani gefen ruwa ya huta. Manomi ba ya cinye irinsa. Masunci ma kada ya cinye nasa.