Wanke Tanki da Omo Ba Ya Hana Shi Fashewa

Wani saƙon murya yana ta yawo a zaurukan WhatsApp na direbobi da makanikai, har ya shigo zauren danginmu ta hannun wani ƙanin mahaifina da ke riƙe da tsohuwar Fijo 504. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, ya dai ce shi injiniya ne, kuma ya zo da "sirrin" gyaran tankin mai da tsatsa ta huda. A ciki akwai gaskiya, akwai shirme mara cutarwa, akwai kuma magana ɗaya da za ta iya sa a yi jana'iza.

Ban ga laifin waɗanda suka tura ba. Motar da aka fara ƙerawa a 1968, wadda kamfanin Fijo na Kaduna ya shafe shekaru yana harhaɗawa, yau ba kowane shago ne ke da tankinta ba. Ga fetur ya zama abin da ya zama tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Mutumin da ya wayi gari ya ga mai yana ɗiga a ƙarƙashin motarsa, kuɗinsa ne yake kallo suna shiga ƙasa, duk wanda ya zo masa da dabara mai araha zai saurare shi. Wanda nake jin haushinsa shi ne mai muryar, da ya yi magana da cikakken tabbaci a kan abin da ba jikinsa ne zai ƙone ba.

Ƙananan maganganun ba sa buƙatar dogon bayani. Ya ce a goga sabulun wanki a kan hudar. Wannan gaskiya ne, fetur ba ya narkar da sabulu, zai iya kai ka gari na gaba, amma ruwa yana narkar da shi, kududdufi ɗaya na damina ya isa ya mayar da kai inda ka fito. Ya ce Coca-Cola na cinye tsatsa: sinadarin da ke cikinta bai taka kara ya karya ba, abin da za ka samu shi ne tanki mai danƙon sukari. Sufa gulu da yashi da ya ce a liƙa kuwa ba gyara ba ne. Ya kuma ce a riƙa barin tanki a cike don kada ya yi tsatsa, kuma ya yi daidai. Tankin da ke zama rabi-rabi yana shaƙar iska mai laima, da sanyin dare ta zama ɗigon ruwa, ruwan ya fi fetur nauyi sai ya kwanta a ƙasa yana cin ƙarfe. Shi ya sa tsatsar ciki daga gindin tanki take farawa. Sai dai wa ke da halin cika tanki yanzu?

Maganar da ta sa na ɗauki alƙalami ita ce wannan: wai idan an juye man, aka wanke tankin da Omo, aka shanya shi a rana kwana ɗaya, mai walda zai iya sa masa wuta hankali kwance, "tunda babu mai a ciki".

Ƙarya ce, kuma ta kifar da gaskiya ne kai a ƙasa. Ruwan fetur ba shi ne ke fashewa ba, tururinsa ne idan ya gauraya da iska. Gaurayen yana kamawa ne idan tururin ya kai kimanin kashi 1.4 cikin ɗari na iskar, har zuwa kimanin kashi 7.6. Ƙasa da haka bai isa ba, sama da haka ya yi yawa, iskar ba ta isa ta ciyar da wutar ba. A tankin da ke da mai sosai, sararin da ke sama yawanci ya cika maƙil da tururi, ya wuce wannan iyaka. Tankin da aka juye, iska ta shiga, ɗan tururi ya rage, shi ne yake faɗawa daidai tsakiyar haɗarin.

Ɗan tururin nan nawa ne? Lita ɗaya ta fetur idan ta ƙafe tana ba da tururi sama da lita 150. Tankin motar gida mai cin lita 50 zuwa 60 ba ya buƙatar ko lita ɗaya ta tururi kafin ya kai kashi 1.4. Wato fetur cikin ƙaramin cokalin shayi guda ya isa. Wannan lissafi ne da ɗan sakandare zai iya bi, kuma hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta daɗe tana yin irin wannan gargaɗi a kan durom da ƙananan tankuna.

To ina cokali guda zai ɓuya bayan an wanke? Wurare da yawa. Tanki ba kwano ba ne mai santsin ciki. Faranti biyu ne na ƙarfe aka haɗa bakinsu, mai yana shiga cikin wannan ɗinkin. Akwai shingayen ƙarfe a ciki da ke hana mai tangal-tangal, kowanne da lungunsa. Akwai daskararren datti na tsohon fetur da ya yi shekaru yana taruwa. Ita kanta tsatsar ɓawo-ɓawo ce, tana riƙe mai a tsakaninta, don haka tankin da ya fi buƙatar walda shi ne ya fi riƙe mai. Ruwan sanyi da Omo suna wanke abin da suka taɓa, ba sa zaƙulo na cikin lungu. Rana tana busar da saman. Da zarar harshen wuta ya ɗumama ƙarfen, man da ya ɓuya ya taso ya zama tururi, wutar da za ta kunna shi kuma tana nan a hannun mai walda. Ba sai da walda ba ma, tartsatsin injin gurza ƙarfe ko na huda ya wadatar. Hanci ba ma'auni ba ne, domin a lokacin da kake shinshinawa tankin a sanyaye yake. Tururin kuma ya ninka iska nauyi sau uku zuwa huɗu, ba ya tashi sama ya tafi, kwanciya yake a ƙasan tanki da cikin ramin gareji.

Na san amsar da za a ba ni, domin ita ake bayarwa kullum: "Mu shekara da shekaru muna yi, ba abin da ya faru." Ban ƙaryata su ba. Ba kowane tanki ke fashewa ba, sau da yawa gaurayen bai kai ba, ko kuwa ya yi 'yar ƙara ya huce ta bakin tankin. Amma mai walda ba shi da hanyar sanin wanne ne a gabansa yau, kuma sau da yawa ba shi kaɗai ba ne a wurin. Yaron shago ne ke riƙe masa tankin da hannu biyu, fuskarsa a kusa da bakin.

Mai muryar ya ƙara da cewa wanda ke shakka ya zura tiyo daga salansar mota zuwa cikin tankin, hayaƙi ya kore iskar. Nan akwai ɗan tunani a ciki, domin inda babu iskar da wuta ke ci, ba ta kamawa. Matsalar ita ce ba ka san abin da salansa ke fitarwa ba. Tsohuwar mota mai kafireta tana fitar da fetur da bai ƙone ba, da iska mai guba wadda ita ma tana cin wuta. Injin dizal kuwa hayaƙinsa na ɗauke da ragowar iska mai yawa. Wasu sun yi sun tsira, amma ba abin da za a tura wa jama'a ba ne a matsayin tabbas. Tankin dizal ma kada a raina shi: a sanyaye ba ya kamawa da sauri, amma idan aka ɗumama shi ya wuce digiri 50 zuwa 60, shi ma tururi yake bayarwa.

Inda ake yin aikin bisa ƙa'ida, ana dafa tankin ne cikin ruwan sinadari mai zafi ko a busa masa tururin tafasasshen ruwa na dogon lokaci, a auna cikinsa da na'urar gano iska mai kamawa, sannan a cika shi da iskar da ba ta cin wuta ko da ruwa har kusa da wurin da za a yi aikin. Garejin da ba shi da waɗannan, bai kamata ya kunna wuta kusa da tankin mai ba.

Mai tsohuwar mota yana da hanyoyin da ba sa buƙatar wuta. Da farko a tabbatar tankin ne ke yoyo, domin sau da yawa tsohon tiyo ne ya tsage, ko robar da ke ƙarƙashin murfin geji ta bushe, kuɗinsu kuma bai kai na gyaran tanki ba. Idan tankin ne, a cire kan batir, a juye man cikin jarka mai murfi a fili, nesa da mai shayi da mai sigari, a sauke shi. A zuba noti da kusoshi da ruwan sabulu a girgiza har ɓawon tsatsa ya saki, a ɗauraye, a busar sarai, don laimar da ta rage sabuwar tsatsa ce. Ƙananan hudoji irin na bakin allura ana toshe su da gam mai haɗi biyu wanda aka rubuta a jikinsa cewa yana jure fetur, bayan an goge wurin da hannu har farin ƙarfe ya fito. A duba ƙarƙashin maɗaurin tankin ma, inda laka ke maƙalewa tana ci daga waje. A sauya matatar mai, domin garin tsatsar ya riga ya kama hanyar kafireta.

Idan kuwa ka danna gindin tankin da ɗan yatsa ya lotsa, ko yoyon daga ɗinkin yake, gam ba zai riƙe ba, walda ma huda ɗaya za ta toshe wata ta buɗe a gefenta. Sai a nemi wani tankin a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, a haska cikinsa da fitilar hannu kafin a biya, ba da ashana ba.