Girman Motar Farko: Wuri Ake Fara Aunawa

A Amurka akwai wata irin mota da ake ƙerawa da ɗakin kwana da madafi da makewayi a cikinta, iyali su shiga su tafi yawon buɗe ido na kwanaki. Muna iya kiran ta motar-gida. Masu ita suna ya da zango ne a sansanonin da hukuma ta keɓe a gandayen daji, kuma kowane sansani yana da iyakar tsawon motar da yake karɓa. A kwarin Yosemite na jihar Kalifoniya, alal misali, ba a karɓar wadda ta wuce ƙafa 40, alhali kuwa ana sayar da masu ƙafa 45. Da yawa daga cikin sansanonin an shata su ne tun shekarun 1930, lokacin da motoci ba su kai haka girma ba. Wanda ya sayi babba bai bincika ba, sai ya wayi gari da gidan da babu inda zai girke shi.

Ba mu da motar-gida a Kabo ko Gwarzo, amma muna da irin wannan matsala. Malamin makarantar da ya tara kuɗin adashi, ko ya karɓi giratuti, sau da yawa motar ɗaukar kaya yake fara tunanin saye, domin kai masara da dawa kasuwar Dawanau. Abin da yake tambaya shi ne, buhu nawa take ɗauka? Tambayar da ta kamata ta rigaye ta kuwa ita ce, ina za ta shiga, ina kuma za ta kwana?

Motocin suna hawa-hawa. Keke mai ƙafa uku bai kai mita 3 ba a tsawo, faɗinsa kuma bai kai mita ɗaya da rabi ba. A-kori-kura tana kai kimanin mita 5. (Ɗalibi ya lura da wannan suna: jimla ce sukutum ta zama harɗaɗɗen suna, tana kuma ba da tarihi, wato motar da ta karɓe aikin kurar da ake turawa da hannu.) Kanta tana kai kimanin mita 6, faɗinta kusan mita 2, mai tan 3 kuma tana ɗaukar buhu 30 masu kilo 100. Daga nan sai roka da tirela, waɗanda ba na mai farawa ba ne. Su doka ce ma ta yi musu iyaka, domin ƙa'idar da ƙungiyar ECOWAS ta amince da ita a 2012 ta ƙayyade faɗin mota a mita 2.55.

Sai dai ba doka ce ke hana mai farawa sakat ba. Titin Kano zuwa Gwarzo zai ɗauki kowace mota, amma hatsi ba a bakin titi yake ba. Yana cikin rumbu ne a ƙarshen lungu, ko a gonar da ake kaiwa ta burtali, ta kan ƙaramin kwalbati. Wuri mafi matsi a wannan tafiya shi ne yake yanke girman motar, ko da kuwa taku goma ne kacal.

Na san wani tsohon malamin firamare da ya zuba kuɗin sallamarsa gaba ɗaya a kanta. Ranar da aka kawo ta, kanta ya shiga lungun gidansa, amma kwana ta gagara. Sai ta koma kwana a bakin titi, yana biyan mai gadi, yana kuma biyan masu kura su fito da buhuna daga gida. Da damina ta sauka, burtalin gonarsa ya ƙi ɗaukar nauyinta. Ribar da ya lissafa a takarda ta ƙare a wannan ɗan tsakani. A ganina, da a-kori-kura ya saya yana sawu biyu, da ya fi samun sauƙi.

Awon ba shi da wuya, igiya ma ta isa. A auna faɗin ƙofa da lungu da kwalbati, sannan a auna motar tare da madubanta na gefe, domin faɗin da kamfani ke rubutawa galibi ba ya haɗawa da su. A tsawo kuma a ƙara filin da za a buɗe ƙyauren baya a sauke kaya. Hanyar gona kuwa, a je a gan ta a watan Agusta, ba a watan Maris ba.