Jinyar Wanda Aka Yi Wa Fiɗar Ciki

Idan aka fito da mutum daga ɗakin tiyata, aka ce an yi aiki lafiya, dangi sukan yi hamdala su watse, suna ganin an ƙetare siratsi, alhali kuwa malaman ɗibbu sun daɗe da sanin cewa mafi yawan abin tsoro yana cikin kwanakin da ke biye. A shekarar 2018 wata mujallar likitoci ta Ingila mai suna Lancet ta buga sakamakon wani bincike da aka yi a ƙasashen Afirka 25, har da Nijeriya, a kan mutum fiye da 11,000 da aka yi wa fiɗa, inda aka tarar kusan ɗaya cikin biyar ya gamu da wata matsala bayan aiki, kimanin biyu cikin ɗari kuma sun rasu, wato ninkin abin da aka saba gani a duniya, ko da yake majinyatan namu sun fi na sauran wurare ƙuruciya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, galibin waɗanda suka rasu ba a ranar aikin suka cika ba, sai a kwanakin jinya, lokacin da al'amari ya koma hannun nas da ɗan jinya da kwanon abinci.

Ɗinke hanji ba sabon ilmi ba ne, domin Abul Ƙasim az-Zahrawi, babban tabibin Ƙurɗuba ta Andalus wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya bayyana a cikin littafinsa at-Tasrif yadda ake ɗinkinsa da zaren da aka murza daga hanjin dabba. Amma zare, na jiya ko na yau, iyakar aikinsa ya riƙe bakin rauni wuri ɗaya har jiki ya saƙa nasa naman, wanda shi ne ɗinki na haƙiƙa, shi kuwa wannan nama ba ya samuwa sai daga abin da mutum ya ci. Wani masani a Gilasgo mai suna David Cuthbertson ya nuna tun cikin shekarun 1930 cewa jikin da aka ji wa babban rauni yakan shiga narkar da tsokarsa, har a ga alamar hakan a cikin fitsari. Majinyacin da aka bari da yunwa, ke nan, ya zama kamar mai gidan da ke rushe zaurensa don ya sami tubalin gyaran ɗaki: ɗakin bai ƙaru sosai ba, zauren kuma ya tafi. A 1936 wani likitan Amurka, Hiram Studley, ya ƙididdige masu gyambon ciki da aka yi wa fiɗa, ya ga cewa waɗanda suka rame har suka zubar da fiye da kashi 20 cikin ɗari na nauyinsu kafin aiki, ɗaya cikin uku ya mutu, sauran kuwa da ba su rame haka ba, abin bai kai huɗu cikin ɗari ba. Wannan hujja ta shafe mu ƙwarai, domin wanda taifot ya huda wa hanji yakan iso asibiti ne bayan ya yi makonni yana zazzaɓi ba ya cin kirki.

Da can likitoci da kansu sukan hana majinyaci ko da kurɓin ruwa kwana da kwanaki, sai ƙarin ruwa ta jijiya, suna jiran ya yi hutu, wato ya fitar da iska, tukuna, bisa zaton cewa abinci zai ɓalle ɗinkin hanji. Wani likitan fiɗa na ƙasar Denmak, Henrik Kehlet, shi ne ya tsaya a shekarun 1990 ya jarraba akasin haka, ya rage azumin da ake sa majinyaci kafin aiki, ya ciyar da shi da wuri bayan aiki, ya tashe shi tsaye tun ranar farko, sai ga mutanen da aka yanke wa babban hanji suna komawa gida cikin kwana biyu ko uku maimakon mako guda ko fiye. Dalili kuwa a fili yake, domin ƙaramin hanji yakan farka ya ci gaba da motsi cikin kwana ɗaya, tumbi cikin kwana ɗaya zuwa biyu, babban hanji cikin biyu zuwa uku, kuma shigar abinci kaɗan kaɗan tana daga cikin abin da ke tashinsu. Sai dai a kiyaye sharaɗi guda, wanda ba ni son a karanta wannan maƙala a manta da shi: izinin fara ci na likitan da ya buɗe cikin ne, don shi kaɗai ya ga abin da ke ciki, kuma akwai wanda hanjinsa ya kumbura ko ya ruɓe har ya zama wajibi a dakata masa. Ɗan jinyar da ya ɗura wa mara lafiya fura a ɓoye saboda tausayi ya cuce shi, haka nan wanda ya ci gaba da hana shi bayan likita ya ce a ba shi.

Idan an ba da izini, akan fara da ruwa da shayi da romo mara maiƙo, sa'an nan koko ko kunu, a riƙa ba shi kaɗan sau biyar ko shida a yini maimakon a cika masa kwano sau biyu. Amma kada a zauna a kan koko, domin koko ƙarfi kawai yake bayarwa, ba ya gina tsoka. Abin da rauni ke nema shi ne furotin, kuma likitoci sun ƙiyasta wa wanda aka yi wa babban aiki kimanin giram ɗaya da rabi a kan kowane kilo na nauyinsa kullum, wato mai kilo 60 yana bukatar wajen giram 90, alhali ƙwai guda giram shida ne kacal. Saboda haka sai an haɗa, a sa ƙwai da kifi da naman kaza da hanta, da kindirmo mai tsabta, da alale da awara da kunun gyaɗa, waɗanda ba su fi ƙarfin talaka ba. Mai ciwon ƙoda kuwa zai nemi a auna masa. Maganar da wasu ke yi cewa ƙwai ko nono suna sa miki ya yi mugunya ba ta da asali ko kaɗan. Ƙwayoyin cuta ne ke kawo mugunya, kuma sun fi samun dama a jikin da yunwa ta raunana. A haɗa da gwaba da lemo da gwanda da zogale saboda bitamin C, wanda in babu shi jiki ba ya iya ƙulla zaren naman da ke riƙe tabo, har ma an rubuta cewa matuƙan jiragen ruwan Ingila na ƙarni na 18 da suka yi watanni ba ɗanyen abu, tsofaffin raunukansu da suka warke da daɗewa suka sake buɗewa.

Kwanciya kuma, wadda muke ɗauka hutu ce, tana da nata sharri. Wanda ya kwanta bai motsa ba, jini na iya daskarewa a jijiyar ƙafarsa, gudan ya ɓalle ya tafi huhu ya kashe shi farat ɗaya. Wanda kuma ke tsoron jan numfashi saboda zafin ɗinki, majina takan taru a ƙasan huhunsa ta zama ciwon huhu. Maganin duka biyun bai wuce a sha maganin zafi a kan lokacinsa ba, a tashi zaune, a taka zuwa bakin ƙofa a dawo, a riƙa jan dogon numfashi, in tari ya zo a danne ɗinkin da matashi a yi shi. Magungunan zafi masu ƙarfi irin su tiramadol suna ɗaure ciki, yunƙurin bayan gida kuwa yana takura ɗinki, don haka a yawaita ruwa da miyar ganye da kuɓewa. Mai ciwon sukari ya tsare awonsa, mai shan taba ya bari, domin dukansu biyu suna jinkirta warkewa. Fata takan haɗe cikin mako biyu, amma naman da ke ƙarƙashinta yana bukatar mako shida ko fiye, shi ya sa matar da aka ciro wa ɗa ta ciki, in ta koma daka da jan guga da wuri, tana iya wayar gari da ƙaba a wurin tabon. Ita ma uwar da ke tsaye a kanta ta yi haƙuri da wankan jego mai ƙuna da kunun kanwa har sai ta ji ta bakin likita. Ta fuskar ibada kuwa shari'a ta riga ta sauƙaƙa, mara lafiya ya sha azumi ya rama daga baya, ya yi salla a zaune ko a kishingiɗe, ya yi taimama inda ruwa zai cutar, kuma karɓar wannan rangwame ba ragin imani ba ne.

Saura alamomin da ba a kwana da su a gida. Zazzaɓin da ya kai awo 38, ko ciwon ciki da ke ƙaruwa maimakon raguwa, musamman tsakanin kwana na biyar da na bakwai, lokacin da ɗinkin hanji ya fi yin yoyo. Ko ciki ya kumbura da amai kore, ba hutu ba bayan gida. Ko bakin rauni ya yi ja yana fitar da mugunya, ko wani ruwa ja-ja ya jiƙe bandeji kwatsam. Ko sha-raɓa guda ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikinsu a jikin majinyacinsa, kada ya shafa toka ko man gargajiya, kada kuma ya tsaya a kemis yana neman allura, ya mayar da shi asibitin da aka yi aikin a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne. Ku kuma 'yan dubiya, maimakon lemon kwalba da biskit, ku riƙo ƙwai da kifi da gwaba.