Ajayi Crowther: Bishop na Farko Baƙar Fata a Cocin Angilika

Ranar 29 ga Yuni, 1864, aka naɗa Samuel Ajayi Crowther bishop a babbar majami'ar Kantabari da ke Ingila. Kafin shi cocin Angilika ba ta taɓa ɗora baƙar fata a wannan matsayi ba, ga shi kuma mutumin da ya taɓa zama bawa.

An haife shi wajen 1809 a Osogun, ƙasar Yarbawa. A 1821 mahara suka ci garinsu, aka yi ta cinikinsa har ya faɗa hannun 'yan Fotugal. A 1822 sojojin ruwan Ingila suka tare jirgin da ke ɗauke da shi, suka sauke bayin a Firitawun ta Saliyo. A can ya karɓi baftisma a 1825, ya kuma zama ɗalibin farko a kwalejin Fourah Bay a 1827.

Kogin Kwara ne ya ɗaga sunansa. A 1841 ya shiga ayarin da ya hau kogin tare da J.F. Schön, Bajamushen da ya wallafa littattafai kan Hausa. Zazzaɓi ya hallaka Turawa da dama, abin da ya nuna wa ƙungiyar mishan ta CMS cewa sai da 'yan ƙasa aikin zai yiwu. Sakatarenta Henry Venn ya riƙe ra'ayin cewa dole cocin Afirka ta ciyar da kanta, ta mulki kanta, ta yaɗa kanta. Shi ya tsaya har aka naɗa Crowther.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne zamansa da sarakunan Musulmi. Ba shi da soja, don haka ya dogara da ladabi da sanin harshe. Ya jagoranci fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci, ya rubuta littafin koyon Ibo a 1857, da nahawun Nufanci a 1864. Yakan kai ziyara Bida wurin Etsu Masaba, sarkin Nufe, wanda Lakwaja ke ƙarƙashin ikonsa. Idan ya zauna da malamai, yakan kawo hujja daga Littafi Mai Tsarki, ya guji zagin addininsu. Sarakunan ba su bar Musulunci ba, shi ma bai saki nasa ba, amma amana ta shiga tsakani. A shekarun 1880 Etsu Maliki ya aika masa wasiƙa yana roƙon ya kai kuka ga Sarauniyar Ingila a hana shigo da barasa ƙasar Nufe. Sarki Musulmi ba ya ɗora irin wannan saƙo a kan wanda bai yarda da shi ba.

Daga cikin gida faɗuwarsa ta zo. Da Turawa suka fara rabon Afirka, sai suka daina yarda baƙar fata ya shugabance su. A 1890, a wani taro a Onica, matasan mishan irin su Graham Wilmot Brooke da J.A. Robinson suka zargi limamansa da rashin tsarki, aka dakatar da wasu, har da ɗansa Dandeson. Akwai kurakurai a tashoshin mishan na kogin, amma wulaƙancin da aka yi wa dattijon ya wuce gyara. Ya rasu a Legas ranar 31 ga Disamba, 1891, aka maye gurbinsa da Bature. Sai bayan kimanin shekara 60 wani ɗan Afirka ya sake riƙe dayosis a Nijeriya. A 2014 Akbishop na Kantabari, Justin Welby, ya nuna nadamar cocinsa a fili.

Jikansa Herbert Macaulay ya zama jigon gwagwarmayar neman 'yanci. Mu kuma a Arewa, inda gardamar addini kan ci rayuka, ya kamata limamai da fastoci su karanta yadda Crowther da sarakunan Bida suka saɓa a aƙida tsawon shekaru ba tare da sun daina girmama juna ba.