Soja da iyayensa: yadda ake auna nisan zuciya

Kafin a ɗauki matashi aikin soja sai an auna tsawonsa, an gwada idonsa, an duba jininsa, an sa shi gudu. Abin da wannan tantancewa ba ta nunawa shi ne yadda zuciyarsa take da iyayen da ya baro a gida. Wani ya fito da albarkarsu, wani kuwa ya shiga kaki ne don ya tsere wa gidan da bai taɓa jin daɗinsa ba. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da lura cewa wannan bambanci yakan biyo soja har fagen daga, ya kuma biyo shi gida bayan an gama yaƙi.

To yaya ake auna abin da ke cikin zuci? Da tambayoyi ake yi, waɗanda aka tsara aka gwada a kan mutane da yawa. A 1979 Gordon Parker da abokan aikinsa a Ostareliya suka fitar da takarda mai tambayoyi 25, 12 a kan kulawa, 13 a kan takurawa. Mai amsawa zai tuna shekarunsa 16 na farko, ya cike guda a kan uwa, guda a kan uba. A 1987 kuma Armsden da Greenberg a Amurka suka tsara wata don matasa, mai duba abu uku: yarda, tattaunawa, da jin cewa kai baƙo ne a wurin iyayenka. Wannan na ukun shi ne ainihin nisan zuciya. Ana tambayar mutum ko yana jin haushin mahaifinsa, ko yana ɓoye masa damuwarsa, ko yana ganin ba a fahimtarsa, sai ya zaɓi amsa daga matakai biyar, a haɗa maki.

Dalilin da ya sa rundunoni suka damu da batun yana cikin binciken da aka yi. A 2014 John Blosnich da abokansa suka gano cewa mazan Amurka da suka yi soja bayan 1973, shekarar da aka daina ɗaukar tilas, sun fi takwarorinsu farar hula bayar da labarin wahalar ƙuruciya, irin su duka, zagi da rikicin gida. A Ingila ma, binciken da Amy Iversen ta jagoranta a 2007 ya danganta irin wannan ƙuruciya da rashin lafiya a tsakanin sojoji maza. Tun a 2000 kuma Chris Brewin da abokansa suka tattara bincike 77, suka nuna cewa rashin wanda mutum zai jingina da shi bayan tashin hankali yana cikin manyan abubuwan da ke janyo ciwon firgici mai daɗewa. Sojan da ya ga an kashe abokinsa a gabansa, ya ɗauki waya da dare ya rasa wanda zai kira, yana cikin haɗari.

Sai dai a nan ne nake ganin ya kamata a yi taka-tsantsan. An gina waɗannan takardu ne a kan tarbiyyar Turawa, inda ake ɗaukar hira da uba da faɗa masa sirri a matsayin alamar kusanci. Ka kai su Zariya, inda ake horar da kuratan sojan Nijeriya, ka ba ɗan farin wani Bahaushe ya cike. Mahaifiyarsa ba ta kiran sunansa saboda kunya. Ba ya haɗa ido da mahaifinsa, yana durƙusawa ya gaishe shi, ya tashi ya ba shi wuri. Takardar za ta ce akwai nisa, alhali wannan yaro shi ne da albashi ya shiga zai fara turo kuɗin cefane, kuma ba ya fita aiki sai ya nemi addu'ar tsohuwarsa. Akwai kuma matsala ta ɗaya gefen. Wanda da gaske aka zalunta yana ƙarami zai yi wuya ya rubuta aibin iyayensa, don tsoron kada a ce da shi marar albarka, balle a barikin da ake ganin kuka a matsayin ragwanta, ake kuma fargabar takardar ta isa teburin oga.

Tun 2009 sojojinmu ke fafatawa a Arewa maso Gabas, wasu sukan daɗe ba su ga gida ba. Sun cancanci a san halin da zukatansu ke ciki. Aikin yana kan masananmu na halayyar ɗan Adam da likitocin soja: su tsara tambayoyi da harsunanmu, masu bambanta kunya da ƙiyayya, su kuma tabbatar wa soja cewa amsarsa ba za ta taɓa shafar ƙarin girmansa ba.