Abin da Littafin Ciniki Ke Ɓoye wa Mai Shi

Tambayi mai shagon kayan masarufi a Tudun Wadar Gusau wane kaya ne ya fi kawo masa riba, nan take zai ce shinkafa, domin ita ta fi fita. Amma fita daban, riba daban. Buhun shinkafa jari mai yawa yake ci, abin da ake samu a kansa kaɗan ne, kuma sau tari bashi ake ɗauka. Sabulu da magi kuwa, da ba a ɗauke su a bakin komai ba, suna iya juyawa sau da dama kafin wata ya mutu. Ba a gane wannan da ka, sai an zauna da littafi.

Wannan zaman shi ne manyan kamfanoni ke kira nazarin alƙaluma. Kamfanin Amazon na Amurka yana bin diddigin abin da mutane suka saya don ya san abin da zai tallata musu gobe. Ɗan kasuwar Zamfara ma yana da nasa alƙaluman, bai dai saba yi musu tambaya ba. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, shaguna da yawa suka koma karɓar kuɗi ta Moniepoint ko OPay, kuma kowane ciniki yana shiga da ranarsa da lokacinsa. Galibi ba a duba wayar sai an yi gardama a kan ko kuɗi sun shigo.

Wanda ya jera cinikin wata uku zai ga fasalin kasuwarsa. Gusau ta zama garin ma'aikata tun da aka ƙirƙiri jihar Zamfara a 1996, don haka ciniki yakan motsa idan albashi ya shiga, ya kwanta a tsakiyar wata. A Tsafe da Bunguɗu kuwa aljihun mai saye yana bin kaka ne da ranar kasuwa. Mai sarin da ya san haka ba zai cika shago a lokacin da za a yi kwantai ba.

A harkar hatsi abin ya fi fitowa fili. Kowa ya haddace cewa a saya da kaka, a sayar da damina. A tsakiyar 2024, hauhawar farashin abinci a Nijeriya ta haura kashi 40 cikin ɗari, sai mutane suka yi ta zuba jari a masara da wake. A Yulin shekarar gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, a 2025 kuma farashin hatsi ya sauko, masu ajiya da dama suka tafka asara. Wanda yake rubuta farashin tiya kowane mako, na Nahuce da na Tsafe da na Dawanau a Kano, ya haɗa da kuɗin mota da dako da la'adar dillali da maganin ƙwari, yana da damar ganin juyin kafin maƙwabcinsa. Kuma gara ya ƙirga jarinsa da buhu, ba da Naira ba: wanda ya fara da buhu 100 ya ƙare da kuɗin buhu 80 bai ci riba ba, komai yawan sifilin da ke asusunsa.

Littafi ba duba ba ne. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako saboda 'yan bindiga, babu lissafin da ya hango haka. Waɗanda duk bayanansu ke kan intanet sun ji jiki, shi ya sa ake son a riƙa kwafe jimillar kowane mako a takarda, musamman shafin masu bashi: wa ya ɗauka, yaushe, kwana nawa ya yi kafin ya biya.