Yadda ciwon hanta ke rikiɗewa ya zama sankara

Da na je gida Minna ta'aziyyar wani ɗan'uwana a unguwar Bosso, abin da kowa ke faɗa shi ne "shawara ce ta kwana a jikinsa". Mutum ne da bai kai 45 ba, ba ya shan giya. Sankarar hanta ce ta kashe shi, kuma asalinta Hepatitis B, wadda wataƙila tun yana jariri ya ɗauka.

Abin da ya ban mamaki da na bi diddigi shi ne, ba ƙwayar cutar ce kan ragargaza hanta kai tsaye ba. Shiga take ta ɓuya cikin ƙwayoyin hanta. Sojojin garkuwar jiki, waɗanda likitoci ke kira T, su ne ke kashe duk ƙwayar hantar da ta kamu. Ga babba mai ƙarfin garkuwa, yaƙin kan ƙare cikin watanni. Ƙasa da kashi 5 cikin 100 ne cutar ke zaunawa a jikinsu. Jariri kuwa garkuwarsa ba ta ƙosa ba, sai kusan kashi 90 su zama masu ɗauke da ita har abada.

To nan fa matsalar take. Sojojin sun gaji, ba su iya gama yaƙin, ba su kuma daina ba. Shekara 20, 30, ana kashewa, hanta na sake tsirowa, tabo na taruwa har ta ƙandare. Kowace sabuwar tsira dama ce ta kuskure a ƙwayar halitta, kuma cutar kanta na cusa nata ƙwayoyin gadon cikin namu. Ƙara da gyaɗa ko masara mai funfuna, wadda ke ɗauke da gubar aflatoxin, haɗarin sai ya ninka.

Binciken NAIIS na 2018 ya nuna kashi 8.1 na manyan 'yan Najeriya na ɗauke da Hepatitis B. Allurar rigakafinta ta shiga jadawalin yara a 2004, don haka mu da muka girme ta, daga Agege zuwa Sabon Ibadan, yawancinmu ba a yi mana ba.

Ni dai na je an gwada jinina, na kai iyali ma. Wanda aka samu da ita, akwai maganin tenofovir da ke danne ta. Jariri kuma a yi masa allura cikin awa 24 da haihuwa, kar a jira ranar suna. Wanzami ma ku ce ya sa sabuwar reza.